Bindiga a mota, mota a filin kamfani: wa ke da iko a dokokin jihohin Amurka?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta sha fitowa daga 'yan uwa masu aiki a manyan sito da asibitoci da masana'antu, gara a baje ta a faifai. Mutum yana da bindigarsa ta halak. Littafin ƙa'idojin kamfani ya ce ba a shiga harabarsu da makami, har da filin ajiye motoci. Ya bar ta a mota, ya kulle, ya shiga bakin aiki. Kamfani na da ikon korarsa? Barista, Hajiya, a taimaka mana.

Barista: Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Amsar tana ga jihar da filin yake, ba jihar da mutum yake kwana ba.

A fara kawar da wani ruɗani. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, hannun gwamnati yake ɗaurewa, bai taɓa kamfani mai zaman kansa ba. Hukunce-hukuncen kotun ƙolin Amurka kan bindiga, Heller na 2008, da McDonald na 2010, da Bruen na 2022, duk tsakanin ɗan ƙasa ne da hukuma. Sannan in ka cire Montana, asalin ƙa'ida a kowace jiha ita ce mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci ko ba dalili, muddin sallamar ba ta taka wata doka ba. To in jiha ba ta yi doka ta musamman kan filin motoci ba, littafin kamfani shi ne alƙali. Haka abin yake a Kalifoniya da New York da New Jersey da Massachusetts da Pennsylvania. Jihohi sama da 20, yawancinsu a kudu da tsakiyar ƙasar, su ne suka yi dokar da ta hana kamfani wannan korar.

Tushen maganar daga Oklahoma yake. A 2002, a masana'antar takarda ta Weyerhaeuser da ke garin Valliant, an shigo da karnuka filin motoci neman ƙwaya, sai aka ci karo da bindigogi a motocin ma'aikata. Yankin mafarauta ne, bindiga a a-kori-kura ba baƙon abu ba ce. Aka kori mutane da dama, suka je kotu, suka faɗi. Majalisar jihar ta yi doka a 2004, ta ƙara mata ƙarfi a 2005. Kamfanoni, ciki har da ConocoPhillips, suka ƙalubalance ta, kuma a 2007 wani alƙalin tarayya ya dakatar da ita, ya ce ta ci karo da dokar tarayya da ta wajabta wa mai kamfani tsare lafiyar ma'aikata. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 10 ta rushe wannan hukunci a shari'ar Ramsey Winch, ta ce OSHA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ba ta taɓa kafa ƙa'ida kan bindiga a wurin aiki ba, saboda haka jiha na da filin yin tata. Daga nan ƙofa ta ƙara buɗewa ga sauran.

Hajiya Maman Iman: Allah ya ƙara basira, Barista. Bari in ɗora daga ɓangaren ofishin kula da ma'aikata, domin a nan ne mutane suke rasa aikinsu alhali jiharsu tana da dokar. Kariyar nan siririya ce ƙwarai. Sai mallakar bindigar ta zama halak, sai motar ta zama ta mutum ce ba ta kamfani ba, sai motar ko akwatin da ke cikinta yana kulle, kuma a jihohi da yawa sai ba a hango ta daga waje. Ɗaya ya zame, duka sun zame.

Ku dubi Indiyana. Dokarsu ta 2010 ta ambaci wuri uku: but ɗin mota a kulle, ko aljihun dashbod a motar da ke kulle, ko wani wuri a cikin motar da ido ba ya kaiwa. Wani ma'aikacin Caterpillar ya soke bindigarsa tsakanin kujerar direba da akwatin tsakiya, wani ya hango ta ta gilashi, ya kai rahoto, aka kore shi. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ba kamfani gaskiya. Yana da lasisi, motarsa ce, amma ana ganin bindigar, shi ke nan.

Kentaki kuma dokarta tana da ƙarfi, har kotun ƙolin jihar ta tsaya wa wani ma'aikacin asibitin jami'ar Kentaki a 2012. Amma a wata shari'a ta UPS, ma'aikaci ya fitar da bindigarsa daga motarsa da ta samu matsala ya mayar da ita motar abokin aiki a cikin filin. Kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 6 ta ce wannan fitarwar ba ta cikin abin da doka ta kare. Dokar Kentaki ta yarda a fito da ita ne don kare kai, ko kare wani, ko kare dukiya, ko da izinin mai wurin.

Malam Ɗanjuma: Ranki ya daɗe, to ai mutum sai ya taɓa ta kafin ya ɓoye ta. In kyamarar kamfani ta ɗauke shi yana saka ta a akwati fa?

Hajiya Maman Iman: Tenesi ta yi tunanin wannan, Malam. Dokarsu ta ce in wani ko na'urar tsaro ta hango bindigar a daidai lokacin da mai ita yake adana ta, bai karya doka ba. Ohayo, tun Maris na 2017, ta ce bindiga da harsashi su kasance cikin mota muddin mai ita yana ciki, in zai fita kuma a kulle su a but ko aljihun dashbod ko wani rufaffen wuri. Sai dai ba kowace jiha ce ta rubuta irin wannan sassaucin ba. Mafi aminci a adana ta tun kafin a shigo filin.

Dakta: Ni dai, da girmamawa, ina ganin dokokin nan kuskure ne, kuma ba zan ɓoye ba. A watan Yuli na 2003, a masana'antar Lockheed Martin da ke Meridian a Misisipi, ma'aikaci ya fice daga taro, ya je motarsa, ya ɗauko bindigogi, ya dawo ya hallaka abokan aikinsa shida, sannan ya kashe kansa. Tazarar da ke tsakanin fushi da makami ita ce filin motoci kawai. Akwai kuma binciken da aka buga a 2005 a mujallar kiwon lafiyar al'umma ta Amurka kan wuraren aiki a North Carolina, wanda ya gano cewa inda aka yarda da bindiga, yiwuwar kisa ya ninka kusan sau biyar a kan inda aka hana kowane makami. Ga kuma hakkin mai wuri. Ko a gida, baƙo ba ya shiga zauren mutum da abin da mai gida ya hana. Don me majalisa za ta tilasta wa mai fili ya karɓi abin da ba ya so?

Malam Ɗanjuma: Dakta, Allah ya ja kwana, hanin bai tsaya a filin ba, shi ne matsalar. In kamfani ya hana a fili, ya hana a hanya ke nan, zuwa da dawowa. Nas ɗin da ke tashi aiki ƙarfe biyun dare ta yi tuƙin awa guda a ƙauyen Teksas, ko matar da kotu ta ba takardar kariya daga tsohon mijinta, kamfani ya raba su da abin da jiha ta halatta musu na yini guda cur, alhali ba zai raka su gida ba. Kuma wanda ya ƙudurta kisa, shafi na goma sha biyu na littafin kamfani ba zai tare shi ba. A 1997 a makarantar Pearl, a Misisipin nan dai, mataimakin shugaban makaranta ne ya ruga motarsa ya ɗauko bindiga ya tsare maharin har 'yan sanda suka iso.

Dakta: Wanda ya ƙudurta tun daga gida, na yarda, takarda ba ta tare shi. Wanda nake magana a kai shi ne wanda bai ƙudurta komai ba da safe. An kira shi ofis an ce aikinsa ya ƙare, ko sun yi cacar baki da shugabansa. In makamin yana gida, sai ya yi tuƙin rabin awa, kuma rabin awa tana sanyaya zuciya da yawa. In yana bakin ƙofa, minti biyu ne. Haka kuma ga mai tunanin kashe kansa, wanda shi ba a cika ambatonsa a muhawarar nan ba, alhali fiye da rabin mace-macen bindiga a Amurka na kisan kai ne.

Barista: Ku biyun kuna da abin kamawa, amma a auna kowace hujja da ma'auninta. Binciken North Carolina ya dubi wuraren da aka yarda da bindiga a wurin aiki ne gaba ɗaya, ba wadda aka kulle a mota kaɗai ba, don haka ba ya yanke wannan maganar kai tsaye. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙirga kisan gilla 524 a wuraren aiki a 2022, sama da kashi 80 cikin 100 da bindiga, amma a cikin adadin akwai fashi da ake yi wa masu kanti da direbobi, wanda ba ruwansa da motar ma'aikaci.

Batun hakkin mai wuri kuwa, an kai shi kotu a Oklahoma, aka ce an ƙwace musu dukiya ba diyya. Kotu ta ce a'a, taƙaita amfani ne, ba ƙwace ba. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta fito ta yi adawa da irin dokokin a 2007, manyan kamfanoni ma haka. Abin da aka ba su na rarrashi shi ne kariya daga ƙara: a yawancin jihohin, in aka yi ɓarna da bindigar da doka ta tilasta musu bari a fili, ba a bin su diyya. Teksas ta ce sai dai in an tabbatar da mummunan sakaci, ta kuma ƙara da cewa kamfani ba shi da wajibcin sintiri ko binciken filin.

Hajiya Maman Iman: Kuma ba wata jiha da ta kare barazana. Wanda ya ce wa abokin aiki "ka san abin da ke motata", ya fita daga inuwar dokar nan take, korarsa halak ce. Alabama ma ta ba kamfani damar tambayar ma'aikaci ko yana da bindiga a mota in suna ganin yana iya cutar da kansa ko wani. Shi ya sa ofisoshin da suka san aikinsu suke shirya ranar sallama da kyau: mutum biyu a ɗakin, a kashe katin shiga a daidai lokacin, mai gadi ya san abin da ake ciki, kuma a yi wa mutum magana da mutunci, domin wulaƙanci ne kan hura wutar.

Alhaji Mai Tirela: Jama'a, direbobi fa? Da yawa cikin 'yan uwanmu tirela suke ja daga jiha zuwa jiha.

Barista: Alhaji, ranka ya daɗe, a nan dokokin kusan ba su amfanar kowa. Teksas da Filorida da Luwiziyana da Arizona duk sun cire motar da kamfani ya mallaka ko ya yi hayarta. In kan tirelar na kamfani ne, dokarsu ce ke aiki a cikinsa. Babu ƙa'idar sufuri ta tarayya da ta haramta wa direba bindiga don yana direba, amma hanin kamfani ya isa a kore shi. Mai tirelar kansa kuma yana shiga yadin wasu ne, da tashar jiragen ruwa da sansanin soja, waɗanda ke ƙarƙashin nasu ƙa'idojin.

Tsallaka jihohi yana da tasa dokar ta tarayya ta 1986, sashe na 926A. Sharuɗɗanta: bindigar ta zama halak a inda aka taso da inda za a sauka, a cire mata harsashi, kuma ita da harsashin su kasance inda hannu ba ya kaiwa daga mazaunin direba. Motar da ba ta da but, kamar kan tirela, sai a akwati mai kulle, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa aljihun dashbod da akwatin tsakiya ba sa cikin lissafi. Kariya ce ta mai wucewa. Wanda ya yada zango ya kwana da ita a hannunsa a New Jersey, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 3 ta ce a 2010 ya fita daga cikinta.

Masu Uber da Lyft kuma, kamfanonin biyu sun hana bindiga yayin da ake kan aiki da manhajarsu. Dokar filin motoci ba ta shiga nan ba.

Malama Yar Katsina: Kafin a yi nisa, akwai abin da ya fi korar aiki muni, kuma ya fi shafar mu baƙi. Duk dokokin nan da kalmar "halak" suke farawa, halak ɗin kuma dokar tarayya ce ke fara yanke shi, sashe na 922(g). Mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, yana iya mallaka. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asali haramun ne a kansa, sai ƙananan togaciya kamar riƙe ingantaccen lasisin farauta na wata jiha. Wanda ba shi da takardu, babu togaciya ko ɗaya. Mai shan wiwi ma yana cikin jerin, ko da jiharsa ta halatta ta. Haka wanda aka taɓa hukuntawa kan dukan iyali, da wanda kotu ta ba da takardar kariya a kansa, wadda kotun ƙoli ta tabbatar a shari'ar Rahimi ta 2024. Hukuncin ya kai shekara 15 tun gyaran 2022, ga kuma korar mutum daga ƙasar.

Inda ake faɗawa rami ba a sani ba shi ne aron mota. Yaya yana da girin kad da lasisi, ya bar bindiga a aljihun dashbod, ƙaninsa ɗalibi mai biza ya ari motar ya tafi aiki. A idon doka, wanda ya san bindiga na wurin kuma yana iya kai hannu gare ta, ana iya ɗaukarsa a matsayin mai riƙe da ita. Motar da ake karɓa-karɓa a gida, ko dai a cire bindigar, ko ta zama cikin akwatin da mai ita kaɗai ke da makulli.

Baban Khalifa: Allah ya saka, Malama. Barista, wane irin wurin aiki ne dokar ba ta shiga ko da jihar tana da ita?

Barista: Jerin ya bambanta, kuma a nan ne kamfanoni suka yi kokawarsu a majalisa.

Filorida, a dokarta ta 2008, sashe na 790.251, ta cire makarantu, gidajen yari, tashar nukiliya, wuraren aikin tsaron ƙasa da na sararin samaniya, da masu harkar abubuwan fashewa. Disney, kamfanin wuraren shaƙatawa, ta kama wannan na ƙarshen ta ce tana da lasisin wasan wuta, don haka ba ta ciki. A wani ɓangaren kuma dokar Filorida ta fi yawancin takwarorinta faɗi: ta hana kamfani ko tambayar ma'aikaci, ta hana binciken mota sai ɗan sanda da ke bakin aiki, kuma ta lissafa ɗan kwangila da mai aikin sa kai cikin ma'aikata.

Teksas, daga 1 ga Satumba 2011, ta cire makarantu da filayen da yarjejeniyar haƙar mai ta hana makami. Matatun mai da masana'antun sinadarai an yi musu tsaka-tsaki: mai lasisi na iya ajiyewa a filin da ke wajen katangar da masu gadi ke tsaro dare da rana, ba cikinta ba.

Misisipi ta ce in filin yana da get ko shingen masu gadi da ke hana jama'a shiga, kamfani mai zaman kansa na iya hanawa. Arizona da Luwiziyana sun ba kamfani mafita biyu: ya tanadi wurin ajiyar bindiga na wucin gadi, ko wani filin motoci na daban kusa da wurin aiki. Jojiya kuwa ta yi dokar a 2008 amma ta bar wa mai mallakar fili ikonsa, don haka in kamfanin ne da filin ko shi ke riƙe da hayarsa, kariyar ta kusa zama ba komai. Abin da ya kamata ma'aikaci a Jojiya ya fara bincikawa shi ne filin na wa ne.

Filin gwamnatin tarayya kuma dokar jiha ba ta leƙa shi. Wani ma'aikacin gidan waya a Luwiziyana an same shi da laifi kan bindiga a motarsa a filin ma'aikata, kotun shiyya ta 5 ta tabbatar a 2009, ta shiyya ta 10 ma ta goyi bayan hanin a 2015. Bayan Bruen wasu alƙalan ƙananan kotuna sun fara saɓawa, amma ƙa'idar gidan waya tana nan a rubuce, kuma nan ba kora kaɗai ba ce, tuhuma ce.

Injiniya: Ni abin da ke damuna ba a taɓo shi ba tukuna. Dokokin nan sun warware rigimar ma'aikaci da kamfani, amma sun tara bindigogi a wuri guda na awa takwas zuwa goma sha biyu ba mai gadi, ɓarayi kuma sun gane. Ƙungiyar Everytown mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga ta tattara alƙaluman 'yan sanda na birane 337, ta samu kusan bindiga 112,000 da aka sace a 2022, fiye da rabi daga motoci. Memphis kaɗai sama da 2,000 a shekarar. Kulle ƙofar mota yana gamsar da doka, amma tsakanin ɓarawo da aljihun dashbod gilashi ne da ɗan maƙalin roba.

Ga abin da ke aiki. Akwatin ƙarfe, kuma a dubi kaurinsa, da lambar geji ake auna shi: geji 18 kusan milimita 1.2 ne, sukudireba na iya banƙare murfinsa. Geji 16 milimita 1.5, geji 12 kusan 2.7. Ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Masu igiyar ƙarfe, a zagaya igiyar a ƙafar kujera da ke ɗaure da ƙasan mota da noti, ba a sandar da ake ja a matsar da kujera ba, ba kuma a ƙarfen matashin kai ba, domin wannan zare shi ake yi. Igiyar tana hana mai fizge-ka-gudu, amma almakashin ƙarfe yana datse ta. Wanda ya fi shi ne akwatin da ake ɗaurewa da noti a jikin motar, ko irin wanda ake sakawa cikin akwatin tsakiya a kan notinan da suka zo da motar. Mai huda ƙasan mota ya fara leƙa ƙarƙashi, akwai bututun mai da na birki. A ƙarƙashin kujera kuma wayoyi masu kan rawaya na jakar iska ne, kada igiya ko akwati ya danne su.

Makulli: mai karanta yatsa yana da sauri, amma batir ne, sanyin Minnesota da zafin Arizona duk suna cinye shi, yatsa mai gumi ko maiƙo kuma yana ƙin karantuwa. Mai maɓallan dannawa na inji ba ya buƙatar batir. Makullin ajiya kada ya kwana a cikin motar.

Malam Ɗanjuma: Injiniya, zafi fa? Ana cewa harsashi na iya tashi da kansa a motar da ta sha rana.

Injiniya: A'a, Malam. Cikin mota yana iya wuce digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, amma harsashi na buƙatar zafin da ya ninka wannan kafin ya tashi da kansa. Abin da ke lalata kaya shi ne zafin rana da sanyin dare suna musanya, raɓa ta taru, soson da ke cikin akwati ya riƙe danshin, tsatsa ta kama. A saka ƙunshin silika mai shan danshi, a riƙa fitarwa ana gogewa da ɗan mai, a sauya harsashin da ya daɗe a mota.

Haɗarin gaske yana wajen ɗauka da ajiyewa. Mutum yana zaune a matse, sitiyari a gabansa, bel ɗin kujera ya harɗe, yana sauri kada ya makara, yana zare bindiga daga kube. Nan ne yatsa ko gefen riga ke shiga gidan kunama. A cire ta da kubenta gaba ɗaya, kuben da ya rufe kunama, a saka su tare a akwati. Inda doka ta ce sai an cire harsashi, a bi tsari: gidan harsashi ya fara fita, sannan a ja baya a fitar da wanda ke ciki, a duba da ido. Wanda ya juya tsarin ya ja baya kafin ya cire gidan harsashi, ya fitar da ɗaya ne ya ɗora wani. Kuma a cire sitikar kamfanin bindiga ko ta ƙungiyar masu bindiga daga gilashin baya, talla ce ga ɓarawo.

Dakta: To kun gani. Ko an bar maganar fushi, waɗannan dubban da ake sacewa a unguwannin wasu suke ƙarewa. In majalisa za ta tilasta wa kamfani ya bari, ai kamata ya yi ta tilasta wa mai bindiga akwati.

Barista: Wasu jihohin sun bi ta nan, Dakta, sai dai galibi ba su ne masu dokar filin motoci ba. New York tun 2022 ta ce bindigar da aka bari a mota sai an cire harsashi, an kulle ta a akwatin ajiya da ba a gani, aljihun dashbod kuma bai isa ba. Kolorado daga 1 ga Janairu 2025 ta wajabta akwati mai tauri mai kulle ga ƙaramar bindiga. Ni ma ina ganin haɗa biyun shi ne daidai: wanda aka ba kariya daga kora ya ɗauki nauyin akwati.

Hajiya Maman Iman: West Virginia ta nuna inda dokar ke wuce gona da iri. Tata ta 2018 ta shafi baƙi ma, ba ma'aikata kaɗai ba, ta hana ko tambaya, da tarar da ta kai dala 5,000. Gidajen da ke fake da matan da suka gudo daga dukan miji suka kai ƙara, domin su tambayar nan rayuwa ce. A 2023 kotun tarayya ta soke sashen da ya hana tambaya.

Baban Khalifa: Saura guda. An riga an kori mutum, yana ganin ya cika sharuɗɗa. Me zai yi?

Barista: Kada ya rubuta takardar ajiye aiki, kada ya sa hannu a takardar yafe hakki don an nuna masa kuɗin sallama. Ya nemi dalilin korar a rubuce. Ya adana kwafin littafin kamfani, ya rubuta inda motar take, inda bindigar take a cikinta, wa ya gani, ta yaya, ko akwai get, da ko ya ba da izinin bincike. Batun bincike a kula: a jihar da ba ta hana ba, in mutum ya sa hannu tun ranar ɗaukarsa cewa ya yarda a binciki motarsa, ƙin buɗewa kansa na iya zama dalilin kora.

Sai kuma ko dokar tana da haƙori. Tenesi ta yi tata a 2013, babban lauyan jihar ya ce ta cire laifi ne kawai, ba ta hana kora ba, sai a 2015 majalisa ta ƙara sashen da ya ba ma'aikaci damar ƙara, da wa'adin shekara guda. Misisipi ba ta rubuta damar ƙara ba, kotun ƙolin jihar ce ta tabbatar da ita a shari'ar Swindol ta 2016. Alabama sai an fara aika wa kamfani takardar neman hakki, a jira kwana 45, sannan a je kotu. Filorida ana iya kai kuka ga antoni janar ko a shigar da ƙara, amma wanda ya faɗi yana biyan kuɗin lauyan wanda ya ci. Teksas ta hana kamfani, amma ba ta rubuta diyyar da korarre zai samu ba, wannan ya sa lauyoyi ke ɗari-ɗari da irin ƙarar.

Injiniya: In kuma sata aka yi, lambar da ke jikin bindigar ita 'yan sanda za su fara tambaya, da ita ake shigar da rahoto a rumbun bayanan ƙasa. A ɗauki hotonta da rasit tun ranar saye, a ajiye a gida. Wa'adin kai rahoto a New York awa 24 ne, a Virginia awa 48, a Michigan kwana 5.

Malama Yar Katsina: Barista, masu aiki ta hannun kamfanin samar da leburori fa, waɗanda ake turawa sito na wani kamfani? Wa doka ta ɗaure, wanda ke biyan albashi ko mai filin?

Barista: Sai an karanta kalmar da jihar ta yi amfani da ita, Malama. Oklahoma da Luwiziyana da Arizona da Ohayo sun ambaci mai fili ko duk wata cibiyar kasuwanci, don haka mai siton ma ya shiga. Teksas kuwa tsakanin mai ɗaukar aiki da ma'aikacinsa ta tsaya. Mai siton yana iya cewa kai ba ma'aikacinsa ba ne, ya ce kada a sake turo ka, kamfanin da ya turo ka kuma ya ce shi bai kore ka ba, wurin aiki ne ya ƙare. Mai irin wannan aikin a Teksas ya nemi ƙa'idar mai siton a rubuce kafin ranar farko.